Yadda ake tsare rezon kwamfutoci a lakwal da biro, tun daga kod ɗin wifi har ranar da abu ya ɓaci

Yanzu a nan Damagaram da wuya ka shiga lakwal mai zaman kanta ko lise ko biron wata ƙungiya ko asibiti ka tarar babu wifi da kwamfutoci aƙalla biyu uku, tun daga Birni da Zango har Sabon Gari da Karkada, balle jami'ar André Salifou da ɗalibai ke yawo da ordinatar a jaka. Kaya sun samu, alhamdulillahi. Abin da bai samu ba shi ne tsari. Ana sayo ruta, wato ɗan akwatin da ke raba wifi, a jona ta ranar nan, rezo ya kawo, kowa ya yi murna, shi ke nan ba mai sake waiwayarta sai ranar da koneksiyon ya yi nauyi ko makin ƴan aji ya ɓace ana saura sati a raba bultan.

Ni a ganina matsalarmu ba wasu ƙwararrun ɓarayin intanet na ƙasar waje ba ne, ko da yake suna nan. Yawancin ƙofofin mu ke buɗe su da hannunmu, saboda kunya da kara. Ɗan maƙwabci ya ce mushe don Allah kod ɗin wifi, ba ka iya hana shi. Abokin aiki ya miƙo kile ya ce a buga mishi takarda ɗaya tak, ba ka iya cewa a'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka duk matakan da zan kawo manufarsu guda ce, a yi tsarin da zai ɗauke ma mutum nauyin cewa a'a, ya zama doka ce ta wurin ta hana, ba shi ba.

Mataki na farko: a san mai nauyin abin, a san abin da ake da shi

Kafin a taɓa waya ko ɗaya, direkta ko firobizar ko shugaban biro ya ware mutum guda da sunanshi ya ce kai ke kula da rezo, kuma ya faɗa a gaban kowa a taron ma'aikata. Ba dole ya zama injiniya ba, malamin lissafi mai haƙuri ko sakatariya mai lura sun isa, muddin akwai teknisiyan da za a kira in abu ya fi ƙarfinsu. A ba shi mataimaki saboda tafiya da rashin lafiya.

Shi kuma ya sayi kaye sabo ya zagaya ɗaki ɗaki ya rubuta komai: kwamfuta nawa, kowace wane Windows ke kanta, wa ke aiki da ita, ruta nawa, injin buga takarda, kamara in akwai, har wayar da aka ja ta bayan taga zuwa wani ɗaki da aka manta da ita. Sannan ya rubuta inda bayanai masu nauyi suke, wato makin ɗalibai, jerin sunayen masu BEPC da BAC, kuɗin makaranta, albashi, lambobin iyaye. Sau da yawa za ka tarar duk wannan yana kan kwamfuta ɗaya ta sakatariya, kuma ita ce dai kwamfutar da kowa ke soka ma kile.

Mataki na biyu: ruta

Nan zan daɗe don nan ne ƙofar gida. Ruta tana da kod iri biyu kuma mutane da yawa ɗaya suka sani. Akwai kod ɗin wifi da ake ba mutane su hau, akwai kuma kod ɗin shiga cikin rutar kanta inda ake sarrafa komai. Wannan na biyun yawanci yana nan yadda ya fito daga kamfani, admin da admin, ko wanda aka buga a takardar da ke manne a ƙarƙashinta. Duk yaron da ya hau wifi ɗinku zai iya buɗe Chrome ya rubuta adireshin ya shiga ya canza abin da ya ga dama.

Ga yadda za ka yi. Ka jona kwamfuta da rutar, in da hali da waya. Ka juya rutar ka duba adireshinta, yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, boks ɗin Huawei masu ɗaukar sim kuwa 192.168.8.1. Ka rubuta shi a wurin da ake rubuta adireshin shafi, ka shiga, abu na farko ka nemi wurin Administration ko Système ka canza wannan kod ɗin. Kar ka raina wannan. A 2016 wani birus mai suna Mirai ya kame dubban ɗaruruwan kamarori da rutoci a duniya da jerin kod kusan 60 kawai irin waɗanda kamfanoni ke sakowa da kaya, da su aka kai harin da ya tsayar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix a Amurka a watan Oktoban shekarar. Masu kayan ba su ma san ana aiki da kayansu ba. Saboda haka kamarar bakin ƙofa da injin buga takarda mai wifi su ma a canza musu.

Daga nan ka shiga sashen wifi, wurin Sécurité. Ka zaɓi WPA2 da AES, ko WPA3 in rutar sabuwa ce kuma na'urorinku na karɓa. In ka ga WEP kawai take da shi to wannan rutar ta gama aiki, ana fasa WEP cikin mintoci, a sauya ta. Ka nemi WPS ka kashe shi. Shi ne ɗan maɓallin nan da ake dannawa a hau ba tare da kod ba, yana da lamba 8 da aka gano tun Disamban 2011 cewa rutar na tantance ta rabi rabi, sai ya zama gwaji kusan 11,000 ya isa a gano ta, kuma ire-iren aflikasiyon ɗin da yara ke saukewa a waya don satar wifi da shi suke aiki. Ka kashe Gestion à distance shi ma, ba ka bukatar a iya shiga rutarka daga waje. In akwai wurin Mise à jour a ciki ka danna ta sabunta kanta.

Sai kod ɗin wifi kanshi. Wifi na neman aƙalla harafi 8, lambar wayarmu ta Nijar kuma lamba 8 ce cif, shi ya sa kusan kowa lambar wayarshi yake sawa, ko ta direkta, wadda take rubuce a allon bakin ƙofa. Ko ba a rubuce take ba, lambobi 8 zalla kwamfuta mai ƙarfi ba ta jimawa take ƙare gwada su. Sunan lakwal haɗe da shekara shi ma haka. Abin da ya fi, ka haɗa kalmomi 4 ko 5 na Hausa da ba su da alaƙa da juna, ka sa lamba da alama a tsakani, misali irin tukunya-Jirgi-47-dabino-taguwa (kar ka ɗauki wannan, ka ƙirƙiri naka). Yana da tsawo, yana da sauƙin riƙewa, wifi na karɓar har harafi 63.

Mataki na uku: a raba rezon gida biyu

Wannan shi ne maganin kunyar da na ce. Tun daga Android 10 duk wanda ke kan wifi zai iya fito da kod ɗin a hoton QR ya nuna ma abokinshi, akwai kuma aflikasiyon da ke ɗora kod ɗin kan intanet don kowa ya samu. Ma'ana kod ɗin da aka ba mutum 30 ba sirri ba ne kuma, ko an rantsar da su. To kar a yi ta faɗa da mutane a kai. A yi rezo biyu. Ɗaya na aiki, wanda kwamfutocin sakatariya da kontabul da sansar ke kai, ɗaya na jama'a, na wayoyin malamai da ɗalibai da baƙi.

Hanya mafi sauƙi, yawancin rutoci irin TP-Link suna da Réseau invité. Ka kunna shi, ka ba shi suna daban da kod daban, ka tabbata zaɓin da ke cewa baƙi su iya shiga rezon cikin gida a kashe yake, in akwai Isolation ka kunna don wayoyin su daina ganin juna, in akwai wurin rage gudu ka rage don kar bidiyo ya cinye forfen wata cikin kwana goma. Kod ɗin wannan a ba kowa ba komai, a canza shi duk wata ko duk tirimesta. Na aiki kuwa ba a faɗa ma kowa, mai kula da rezo ne zai rubuta shi da hannunshi a kan kwamfutocin aiki, kuma ba a sa shi a waya ko ta direkta ce. In ma za a iya jan waya zuwa kwamfutocin biro a bar wifi gaba ɗaya ya fi.

In rutarku ba ta da wannan zaɓin sai a ƙara ruta ta biyu, amma a lura da yadda ake jerawa don mutane na juya shi. Ta farko mai karɓo intanet ita ce ta jama'a. Ta biyu a jona bakinta na WAN a jikin ta farko, kwamfutocin aiki su zauna a bayanta. A haka na waje ba sa iya kaiwa ga na ciki. In aka yi akasin haka ɗalibai ne aka kare, biro na fili.

Wurin da ya girma, mai gine-gine da yawa, ya nemi teknisiyan ya sa mishi ruta irin MikroTik da siwic, wato akwatin da wayoyin rezo ke haɗuwa a ciki, mai VLAN da ke raba rezon gida gida, har a yi tikiti irin na masu wifi zon na unguwa, kowa da nashi kod da lokacinshi, in an ga abin da bai dace ba a san na wane ne. Kar a dogara da tace adireshin MAC kaɗai, wato lambar da rezo ke gane kowace na'ura da ita, wayoyin yanzu suna canza nasu da kansu.

Wani abu na kyauta da lakwal ya kamata ta yi tun tana cikin rutar: a wurin DNS, wato abin da ke nemo ma na'ura adireshin shafuka, a sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 na Cloudflare, suna toshe shafukan batsa da waɗanda aka sani da birus ga duk wanda ke kan rezon. Biro da ke son toshe masu birus kawai ya sa 9.9.9.9 na Quad9. Yaro mai wayo zai iya kewayewa da VPN, aflikasiyon ɗin da ke bi da koneksiyon ta wata hanya, gaskiya ne, amma ƙananan da ke faɗawa ba da niyya ba an kare su, kuma amanar ƴaƴan mutane ce a hannunmu.

Mataki na huɗu: kwamfutocin kansu

Kowace kwamfuta a yi mata kont biyu. Na Administrateur mai kod, yana hannun mai kula da rezo. Na Standard shi ake aikin yau da kullum da shi, har direkta. Mai kont Standard ba ya iya saka yawancin lojisiyel a kan kwamfutar sai an sa kod ɗin Administrateur, kuma birus da ya shigo ta hannunshi ƙarfinshi ragagge ne. A biro kowa da nashi kont, ba a yin kont ɗaya mutum biyar. In za ka tashi ko salla ce ka danna maɓallin Windows da L tare, allon ya kulle. Takardar kod da ake mannawa a jikin allo ko ƙarƙashin kilabiye a cire ta.

Sai mizajur, wato sabunta Windows. Na san dalilin da ya sa ake kashe shi, yana cin forfe kuma yana tsayar da aiki. Amma a duba abin da ya faru ranar 12 ga Mayun 2017, lokacin da WannaCry ya kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya fitar da gyaran wannan ramin tun watan Maris, wata biyu kafin nan, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka ba. Kuma shi wannan ba sai ka danna komai ba, daga kwamfuta ɗaya yake bin rezo ya kama sauran. Don rage cin forfe, a cikin Windows Update akwai Optimisation de la distribution, ka kunna ka zaɓi na'urorin rezon gida, sai kwamfuta ɗaya ta sauke sauran su ɗiba daga wurinta. A sa rana guda a wata, misali yammacin da ba darasi, a bar su kunne su gama.

A sani kuma akwai Windows da ba ya samun gyara ko an kunna. XP an daina tun Afrilun 2014, Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinshi na kowa da kowa ya ƙare 14 ga Oktoban 2025. Yawancin kwamfutocin da ake kawo ma lakwal kyauta ko ake saye na hannu tsofaffi ne, ba sa ɗaukar Windows 11 saboda yana neman wani kayan tsaro a cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0. Ba sai an zubar ba. Na ɗakin kwamfutar ɗalibai a sa musu Linux Mint ko Ubuntu da LibreOffice, kyauta ne, suna samun gyara, kuma birus ɗin kile da ya addabe mu ba ya tashi a kansu. Yara sati ɗaya sun saba. In kuma akwai tsohuwar kwamfuta da dole ta zauna da Windows 7 saboda wani lojisiyel na lissafin kuɗi ko na maki, to a zare ta daga rezo kwata-kwata.

Antibirus: Microsoft Defender da ke zuwa da Windows 10 da 11 ya wadatar in ana barin shi ya sabunta. Ya fi antibirus mai tsada da lasisinshi ya ƙare shekara biyu da suka wuce yana nan yana nuna ja. Kar a tara biyu uku a kwamfuta ɗaya. Kuma lojisiyel ɗin da aka fasa, irin Office da Photoshop da ake zubawa da kirak, ku lura abu na farko da ake ce maka shi ne ka kashe antibirus tukuna. Wanda ya fasa ya raba kyauta ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, kai kuma ka buɗe mishi kwamfutar da albashin mutane ke ciki.

Mataki na biyar: kile

Duk wanda ya taɓa kai takarda siber ko wurin fotokofi ya san wannan, ka dawo ka soka kile ka ga dosiyoyinka duk sun koma rakursi masu ƴar kibiya a gefe. Fishiyoyin ba su ɓace ba, birus ɗin ɓoye su ya yi ya ajiye rakursi a madadinsu, kana dannawa yana shiga kwamfutar, daga nan duk kilen da aka soka ya ɗauka. Don haka kar ka danna. Ka danna dama a kan kilen ka sa Defender ya bincika, sannan ka buɗe Invite de commandes ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* (harafin E ka canza shi da na kilenka), fishiyoyin za su fito, ka kwashe su, ka goge rakursin, ka yi ma kilen forma. In kwamfutar ta riga ta kamu kuwa sai an wanke ta ita ma, in ba haka ba aikin banza ne.

A kowace kwamfuta a kashe Exécution automatique, kuma a cikin Explorateur a kunna nuna Extensions de noms de fichiers, don in an turo abu mai suna liste.pdf.exe a gan shi yadda yake. Sannan dokar da ta fi komai amfani: a ware tsohuwar kwamfuta ɗaya, in da hali mai Linux, a jona ta da injin buga takarda, a ce duk kilen waje nan kaɗai ake soka shi. A buga sanarwa da sa hannun direkta a manna. Sai ya zama in wani babba ya miƙo kile sakatariya ba ta bukatar jayayya, sai ta ce ranka ya daɗe ga waccan can, umarnin mushe direkta ne. Ko masana'antar nukiliyar Iran da ba ta jone da intanet, ta kile ake kyautata zaton birus ɗin Stuxnet da aka gano a 2010 ya shiga.

Mataki na shida: ajiyar kwafi

In an ce in zaɓi abu ɗaya a duk wannan rubutun, wannan zan zaɓa, don shi kaɗai ke maganin birus da ɓarawo da gobara da mutuwar disk gaba ɗaya. Kuma a nan disk na mutuwa da wuri, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga kuran da ke ɗaukewa ya dawo da ƙarfi. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce 3-2-1: kwafi 3 na duk abu mai muhimmanci, a kan na'ura iri 2, 1 daga ciki a wajen ginin.

A aikace, a sayi disk na waje guda biyu. Duk ranar Juma'a kafin a tashi a jona ɗaya a kwafe dosiyoyin aiki a cikin sabon dosiye mai kwanan wata, a zare shi a kulle a kabad. Zarewar nan dole ce, birus mai kulle fishiyoyi yana kulle duk disk ɗin da ya tarar a jone. Sati mai zuwa a yi da ɗayan, wanda ba a aiki da shi ya kwana gidan direkta ko wani wurin da aka amince. Lokacin shigar da maki a yi kullum. Takardu marasa nauyi a ƙara ɗora su kan Google Drive, kont na kyauta yana da 15 Go, amma da kont na lakwal ba na wani malami ba, kuma masu sirri a dunƙule su da 7-Zip a sa kod tukuna. A lura, dosiyen da ke daidaita kanshi da intanet kai tsaye bai isa ajiya ba, in ka goge a nan can ma gogewa yake.

Duk wata uku a gwada. A ɗauko disk ɗin a buɗe fishiye biyu uku a wata kwamfutar a ga suna buɗewa. Akwai masu kwafar rakursi zalla wata da watanni suna zaton sun ajiye.

Ondular kuma, wato akwatin batir da ke riƙe wuta in an ɗauke kuran, a sa ma ruta da kwamfutar da bayanai ke ciki ko da sauran ba su samu ba, a canza batir in ya mutu. Ruta da siwic a ɗaga su sama a cikin akwati mai makulli da iska ke shiga, don mai iya kai hannu gare ta zai iya danna reset da tsinke ya mayar da duk aikin mataki na biyu baya. Kafin damina a duba wayoyin da aka ja ta waje tsakanin gine-gine, tsawa na bin su ta ƙona kaya.

Mataki na bakwai: mutane

A zauna da ma'aikata minti 30 a farkon shekara, har da gardi da filanto in suna taɓa wayar biro. Abu uku za a nanata. Lambar nan 6 da WhatsApp ke turowa ta SMS ba a ba kowa, ko wanda ya kira ya ce shi ne admin na gurup ɗin malamai, ko ya ce kuskure ya yi ya turo maka. Da ita ake ƙwace kont a shiga roƙon kuɗi da sunanka wurin iyayen yara. Kowa ya buɗe Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes ya sa nashi kod ɗin PIN a nan take a wurin taron, a yi ma Gmail da Facebook ɗin lakwal haka su ma. Na biyu, liyan ɗin bursu da ɗaukar aiki da kyautar mega da ake yaɗawa ba a buɗe su a kwamfutar aiki, kuma duk shafin da ka shiga ta liyan ya ce ka rubuta kod ɗin imel ɗinka ka rufe shi. Na uku na kontabul ne musamman na ƙungiyoyi da ƴan kasuwa: in saƙo ya zo cewa mai kawo kaya ya canza lambar asusu, ko shugaba yana tafiya ya ce a tura kuɗi yanzu yanzu, a kira mutumin ta lambar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba, ko da saƙon daga adireshinshi na gaskiya ya fito.

Kuma don Allah wanda ya danna abin da bai kamata ba ya zo ya faɗa, kar a ci mishi mutunci a gaban mutane. In aka kunyata mutum ɗaya na gaba ɓoyewa zai yi, birus ya samu sati yana yawo. Ɗalibin da aka kama yana gwada fasa wifi ma a hukunta shi daidai laifinshi, amma a jawo shi jiki ya taya gyaran ɗakin kwamfuta, irinsu ne teknisiyoyin garin nan gaba.

A tuna akwai doka. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumarta HAPDP, ta yi ta laifukan intanet a 2019. Jerin sunayen ɗalibai da ranar haihuwa da lambobin iyaye ba abin jefawa a kowane gurup ba ne. In za a kai kwamfuta gyara a kwafe bayanai a cire masu sirri ko a tsaya a kanta, in za a sayar ko a bayar a goge disk ɗin gogewa ta gaske, forma mai sauri ba ta isa ba ana dawo da abin da ke ciki.

Ranar da aka yi ma wani afektasiyon ko stajiyar ya gama ko aka sallami ma'aikaci, a ranar za a rufe kont ɗinshi, a karɓi makullai da kile, a cire shi daga admin na Facebook da WhatsApp, a canza duk kod ɗin da ya sani. Ba zargi ba ne, a yi ma kowa haka don kar wani ya ji an ware shi. Manyan kod ɗin kuwa, na ruta da na Administrateur da na imel ɗin lakwal, a rubuta su a takarda a rufe a ambulan a ajiye a kofur ɗin direkta, a sabunta duk sanda aka canza, kuma lambar wayar da ake dawo da imel da ita ta zama sim na lakwal. Wurare da yawa sun rasa shafinsu saboda wanda ya buɗe ya koma Yamai ko Maraɗi da kod ɗin a kanshi.

In abu ya riga ya faru

Ka ga fishiyoyi sun ƙi buɗewa sunayensu sun canza, ko saƙo ya fito ana neman kuɗi, ko linzamin kwamfuta na motsi shi kaɗai. Nan take ka zare wayar rezo ka kashe wifi ɗin wannan kwamfutar, in fiye da ɗaya ce ka kashe rutar gaba ɗaya. Kar ka soka disk ɗin ajiya don ka duba ko yana nan lafiya. Ka ɗauki hoton allon da waya, ka rubuta lokaci da wanda ke kai da abin da aka buɗe na ƙarshe, ka sanar da direkta, ka kira teknisiyan. Daga wata na'ura mai tsabta a canza kod ɗin imel tukuna, sannan sauran, don da imel ake dawo da duk sauran. Kar a biya kuɗin fansa, ba tabbas za su buɗe. A duba shafin No More Ransom da Europol, hukumar ƴan sandan Turai, da ƴan sandan Holan suka buɗe da wasu kamfanonin antibirus a 2016, akwai makullan wasu ire-iren kyauta, in ba a samu ba a ajiye disk ɗin da aka kulle a gefe ko za a samu daga baya. Kwamfutar da ta kamu a sake zuba mata Windows daga tushe, a yi mata mizajur, sannan a dawo da bayanai daga ajiya, a bincika sauran kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya kafin a mayar da su kan rezo. In an saci kuɗi ko bayanan mutane a kai ƙara wurin ƴan sanda da hotunan da aka ɗauka, a kuma sanar da waɗanda bayanansu suka fita, iyaye ne ko ma'aikata, don kar a kira su da sunan lakwal a damfare su.